Sarkin da Ya Ɗaure Teku a Turke

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun ba a jin labarin ƙarshen ƙasa sai a bakin fatake, an yi wani ƙasaitaccen sarki a ƙasar Tumbaƙi, ana ce da shi Sarki Dagazau. Mutanensa mutanen tudu ne, mahaya dawaki tun kaka da kakanni, waɗanda ba su san wani ruwa ba sai na rijiya da na kogin da doki ke ƙetarewa iya ƙirji. Dagazau ya bi kogin ƙasarsa da yaƙi, yana cin garuruwa yana ƙonewa, har ranar da ƙasa ta ƙare masa a gaba, ya tarar da teku shimfiɗe babu iyaka. Masuntan wurin ba su ja da shi ba. Shugabansu, Sarkin Ruwa Makau, wani ƙaƙƙarfan mutum mai fasahar magana, ya kawo gaisuwar kifi da gishiri, suka yi mubaya'a.

Sarki yana da 'ya'ya biyu, Yarima Anaruwa wanda yake ji da shi kamar ransa, da Gimbiya Yalwa wadda yake tunawa da ita in ya gan ta. Ita kuwa, Allah sarki, duk duniya babu wanda take so kamar uban nan nata.

To, mutanen Tumbaƙi suna da wata al'ada. Duk inda mulkinsu ya tsaya, magajin sarki zai shiga ruwan da ke kan iyaka bisa dokinsa, ya shayar da shi, ya fito, shi ne shaidar ƙasa ta zama tasu. Da aka ɗaura wa Yarima sirdi, sai Makau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ruwa ba kogi ba ne, ba shi da mashigi. Nan kusa da gaɓa akwai hanyar Aljana Gudana, farar goɗiyar da ke jan ruwan teku a bayanta, kuma ba ta tsayawa don kowa. A ɗebo ruwan a ƙwarya a kai wa doki."

Fadawa suka fashe da dariya, wai a shayar da dokin magajin Tumbaƙi a ƙwarya kamar ɗan akuya. Yarima ya shiga da rana tsaka, ana kiɗa ana busa. Doki ya sunsuna ruwan gishiri ya ƙi sha, shi kuwa kunya ta hana shi juyowa, ya ƙara gaba wai ko can ciki ya fi daɗi. Kafin a ankara ƙafafun doki sun bar ƙasa. Dubban mutane suna tsaye suna kallo ruwa ya yi kudu da su, rawani ya yi ta nisa har ya ɓace.

Sarki bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi wa talakawa sauƙi. Ya sa aka haƙa kabari a tsakar fada, ya rantse ba zai huta ba sai ya sa ɗansa a ciki da hannunsa. Sa'an nan ya sa aka kirawo Makau, ya tambaye shi inda ruwa ke kai abin da ya ɗauka.

Makau ya ce, "Ranka ya daɗe, kewaye take yi. Takan bar gaɓarmu ta bi ƙasashen sanyi, ta nutsa ƙasa, ta juyo ta ƙasashen zafi, ta dawo mana da ruwa mai ɗumi. Wata goma sha biyu tafiyar take ci. Abin da ta ɗauka a nan, a nan take ajiye shi, mun gani a jiragenmu, mun gani a 'yan'uwanmu. Sarki ya yi haƙuri shekara guda, zai binne ɗansa. Kada dai a taɓa ta, domin ruwan saman da ke shayar da gonakinku na tudu daga bayanta yake tashi."

Sarki ya dube shi ya ce, "Kai masunci, ni kake cewa in jira dabba ta ga dama? Kuma har kana faɗa mini ruwan sama mai daɗi daga wannan ruwan gishirin yake? Bakin da ya san haɗari ya kasa hana ɗana shiga, ba shi da sauran amfani." Nan take, a gaban fada, dogarai suka danne Makau aka yanke masa harshe.

Daga nan Sarki ya aika aka nemo wani hatsabibin boka, Tsagwaro. Boka ya ce ai in dai goɗiya ce, maganinta sananne ne, turke da dabaibayi, in aka ɗaure ta ba ta ƙara nisa da Yarima, sai a bi da jirage a ɗauko shi. Ka ji fa! Mutanen da duk abin da ya gagare su sai su ɗauka doki ne, nan da nan maganar ta shige su. Aka tara takubban mayaƙan da suka mutu a fagen fama aka narke, aka ƙera turke mai tsawon mutum biyu. Aka aske gashin matan masunta ƙarfi da yaji, aka tuƙa igiya da shi. Aikin nan ya ci wata goma sha ɗaya da 'yan makonni.

Da aka gama, aka kai Sarki da boka wani tsibirin dutse, tafiyar kwana uku cikin teku, inda aljanar ke bi ta gindinsa. Boka ya yi surkullensa, farar goɗiya ta ɗago kai daga cikin ruwa, ya jefa mata igiya a wuya, Sarki ya kafa turke ya buga da hannunsa har sau arba'in. Teku ya tsaya cik. Sarki ya tambayi boka ko akwai wanda ya san makarin wannan asiri ban da shi, boka ya yi murmushi ya ce babu. Bai rufe baki ba aka sare masa kai, don kada wata rana wani ya saye shi ya kwance.

Jirage suka bazu neman Yarima, suka dawo hannu rabbana. Ruwan da ya daina tafiya ya yi kauri, wata baƙar kumfa mai wari ta rufe samansa, kifaye suka taso matattu. Damina ta zo, ko ɗigon hadari ba a gani ba. Ta biyu ta zo, haka. Kafin ta uku ƙoramu sun ƙafe, kogin Tumbaƙi ya zama hanyar jakuna, rijiyoyi sai a zura guga gaba talatin a jawo laka. Mata suna tauna saiwar itace suna ɗiga wa jarirai a baki. A fada akwai rijiya guda da ba ta ƙafe ba, Sarki ya ce dawaki su fara sha, abin da ya rage a raba wa mutane. Ya kuma kafa doka, duk wanda ya ce a saki teku, a ɗura masa ruwan tekun har cikinsa ya ƙoshi. Shi kuwa kullum yana zaune bakin kabarin nan, yana sa bayi su share ƙasar da ta rufta.

Gimbiya Yalwa tana da uwar goyo, wata tsohuwa, Iya Kande, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Ran nan tsohuwa ta binne jikanta na huɗu, ta taho ta tsaya a ƙofar fada ta ce, "Dagazau, ni na yi wa uwar 'ya'yanka biyu wankan jego, ba na jin tsoronka. Ka kashe 'ya'yan mutane dubu saboda gawa ɗaya. Ka saki ruwan nan!" Gimbiya ta faɗi gaban ubanta tana roƙo, ko kallonta bai yi ba. Aka ɗura wa tsohuwa baƙin ruwan nan tulu guda, ta wuni tana birgima a rana, kafin la'asar ta cika.

Washegari da hantsi Gimbiya ta lulluɓe kamar baiwa, ta tafi bakin teku, ta sami Makau zaune gindin wani kwalekwale da ya tsage. Ta durƙusa, abin da 'yar sarki ba ta taɓa yi wa talaka ba, ta ce, "Sarkin Ruwa, gidanmu ya zalunce ka, ba ni da bakin ba ka haƙuri. Ka kai ni wurin turken nan in tumɓuke shi. In ka ƙi, ban ga laifinka ba." Makau ya daɗe yana dubanta. Can ya tashi ya toshe tsagar jirgi da ƙaro, ya ɗora murhun ƙasa irin na masunta, da tukunya, da tasa, da ɗan itacen da ya samu.

Tafiyar kwana uku ta ci musu shida, domin ruwan ya yi nauyi, filafilin tuƙi yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. A rana ta huɗu gorar ruwansu ta ƙare. Leɓen Gimbiya ya tsage, idonta ya fara ganin duhu da rana, ta miƙa hannu za ta ɗebi na teku, Makau ya buge hannun. Ya hura wuta a murhu, ya yaye kumfar da ke saman ruwa, ya cika tukunya ya ɗora. Da ta tafasa, sai ya kifa tasa mai sanyi a kan tururin, ya karkata ta, ruwa ya riƙa taruwa a cikinta yana gangarowa ɗis, ɗis, cikin ludayi. Ya miƙa mata. Ta kurɓa, ta ji ruwa garai, babu ko alamar gishiri.

Makau ya nuna tukunya ya nuna teku. Ya nuna wuta ya nuna rana. Ya nuna tasa ya nuna sama, sa'an nan ya sauko da yatsunsa a hankali kamar yayyafi. Gimbiya ta fashe da kuka, amma hawaye bai fito ba, babu ruwan da zai fito. Ta ce, "Ashe gaskiyar da aka yanke maka harshe a kanta, a tukunya ma ana ganinta."

Da suka isa tsibirin, suka tarar da goɗiyar tsaye cikin ruwa a gindin dutse, girmanta ya kai soro, haƙarƙarinta duk a waje, igiya ta ci wuyanta har ƙashi. Gimbiya ba ta tsaya gaisuwa ba, ta shiga ruwa ta rungumi turke ta ja. Ta ja har fatar tafin hannunta ta saɓule, turke ko motsi.

Sai aljanar ta yi magana, da murya kamar ana murza dutsen niƙa. Ta ce, "Bari wahalar da kanki, 'yar Dagazau. Hannun da ya buga shi ne kaɗai zai cire. Ku bil'adama kun ɗauka ni ɓarauniya ce, ina shanye kogunanku. Ni mai aike ce. Ina kawo ruwan ɗumi gaɓarku, rana ta ɗauki tururinsa ta bar gishiri, iska ta kora girgije kan duwatsunku, ya zuba, ku sha, gonakinku su sha, ragowar ya biyo kogi ya dawo mini, in sake kai shi. Tun da aka halicce ni ban riƙe ko cikin cokali ba. Ɗan'uwanki ma ina ɗauke da shi, na naɗe shi cikin ruwan sanyi na can ƙasa don kada kifi ya taɓa shi. Saura kwana bakwai in ajiye shi a gaɓarku ubanki ya ɗaure ni."

Gimbiya ta dafe kai ta ce, "Kwana bakwai! Wayyo Baba!" Sa'an nan ta ce za ta je ta taho da shi ya cire.

Aljana ta ce, "Ki ji sauran tukuna. Ruwan shekara uku yana jibge a bayana. Ranar da turken nan ya fita, duk wanda ke tsaye a gindinsa ya tafi, ba a ƙara ganinsa a raye. Wanda ke bisa ƙololuwar dutse zai tsira."

Gimbiya ta roƙe ta ta yafe masa, ta ce a ɗauki ranta a madadin nasa. Aljana ta ce, "Ba ramuwa ba ce, da zan yafe. Ruwa ne, bai san sarki ba. Ki faɗa masa ko ki ɓoye masa, wannan ya rage naki."

Duk hanyar komowa Gimbiya tana juya maganar a ranta. Ta san ubanta ciki da waje. Mutumin da ya sare kan boka don kada a kwance masa asiri, ba zai ba da ransa don talakawa su sha ruwa ba, in ma ya ji gaskiya zai sa a nemo wani boka, a ƙara shekara uku. A bakin gaɓa ta ga ana jera gawarwakin yara a inuwar jirage, an rasa masu ƙarfin haƙa rami. Ta wuce su ta nufi fada.

Ta sami Sarki bakin kabari, ya rame, gemu ya yi fari fat. Ta faɗi ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na je na ga aljanar da idona. Yaya Anaruwa yana hannunta, jikinsa bai lalace ba, tsakaninsa da gaɓarmu kwana bakwai ne. In ka cire turke da hannunka, ran na bakwai za ka ga ɗanka a bakin ruwa."

Sarki ya ƙura mata ido ya ce, "Ba ta nemi komai ba? Aljanu ba sa kyauta."

Wallahi a nan ne zuciyarta ta kusa tsagewa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba ta nemi komai ba, Baba."

Sai ga Dagazau yana kuka, karo na farko tun rasuwar ɗansa. Ya kama hannayenta masu ciwo ya duba, ya dafa kanta ya ce, "Ashe ina da 'ya ban sani ba. Allah ya yi miki albarka, Yalwa." Shekara ashirin tana jiran wannan magana, sai ranar ta samu.

Sarki ya ƙi ɗaukar dogarai, don kada a ga ya kwance abin da ya ɗaure. Su uku suka tafi, Makau yana tuƙi. A hanya Sarki ya sha ruwan tukunyar nan, ya ce da Makau in sun koma zai ba shi riga da doki, ko kunya babu. Da suka isa, Makau ya ja jirgi ya hau da shi can saman dutse, Gimbiya ta bi shi. Sarki ya tuɓe alkyabba ya shiga ruwa iya ƙugu, ya kama turke, sa'an nan ya waiwayo ya ce, "Yalwa, me kike yi a can? Sauko kusa da ni ki gani."

Ta buɗe baki za ta ce masa ya gudu. Makau bai hana ta ba, bai ko taɓa ta ba, ya dube ta kawai. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Da ta iya magana ta ce, "Daga nan na fi gani, Baba."

Sarki ya yi dariya, ya ja. Turke ya fito sumul kamar an zare tsinke daga tuwo. Goɗiya ta yi haniniya guda, igiya ta tsinke, ruwa ya taso ta bayanta ya fi itacen kuka tsawo, ya rufe gindin dutse da ƙara mai kurmantarwa. Da ya lafa, babu Sarki, babu turke, sai teku yana tafiya kudu kamar yadda ya saba.

Ruwan ya wanke baƙar kumfar nan cikin kwana biyu. A rana ta biyar aka ga wani farin hazo yana tashi daga teku da hantsi. A rana ta bakwai ruwa ya ajiye Yarima Anaruwa a kan yashi, da rigarsa da zobensa, kamar mai barci. Ana cikin sa shi a kabarin da ubansa ya shekara huɗu yana gadi, hadari ya haɗu ta gabas, aka tsuge da ruwa. Mutane suka fito da ƙore da tukwane, tsofaffi suna kwanciya a taɓo suna buɗe baki.

Manyan fada suka taru suka tambayi Gimbiya yadda aka yi Sarki ya halaka. Ta miƙe ta ce, "Mahaifina ya san mai cire turke ba ya tsira. Ya ce ransa fansa ne ga talakawansa, ya shiga da ƙafarsa." Fada ta ɗauki kabbara. Maroƙa suka shirya masa waƙa, mutanen da ya kashe wa 'ya'ya suna amshi suna hawaye. Kai, duniya!

Aka naɗa Yalwa sarautar Tumbaƙi. Ta soke al'adar shigar da doki ruwan iyaka, ta hana a ƙara shayar da dabba kafin mutum, kogi ya cika, gero ya yi kyau shekarar nan har aka rasa rumbunan zubawa. Da kaka ta yi, ta tara majalisa ta ce ta zaɓi miji, Sarkin Ruwa Makau. Jama'a suka yaba, suka ce ta biya zaluncin gidansu da mafi tsadar abin da take da shi. Aka yi kwana bakwai ana shagali, masunta da mahaya suna ci a akushi ɗaya.

Ranar da aka kai ango fada, da jama'a suka watse bayan azahar, wani ruwan ƙarshen damina ya sauko. Sarauniya ta tsaya a bakin taga tana kallonsa, ba ta juyo ba ta ce, "Sarkin Ruwa, mutane sun ce don in biya ka na aure ka. Akwai wannan, kuma ina ganin girmanka. Amma kai kaɗai ka ji abin da na faɗa wa mahaifina a kan dutsen nan, kai kaɗai zan iya zama da shi ba tare da na yi ƙarya ba, kuma kai kaɗai ne ba za ka taɓa faɗa wa kowa ba. Shi ya yanke maka harshe, ni nake cin amfanin yankan. Ka ga irin gidan da ka shigo."

Makau ya miƙe. Ya ɗauki moɗa ya tara a bakin indararo har ta cika, ya kawo mata. Ta karɓa, ta daɗe tana duban ruwan, domin ta san tekun da ya taso daga ciki, ta kuma san wanda ke kwance a ƙarƙashinsa. Sa'an nan ta kafa kai ta shanye.

Sun yi mulki shekara arba'in, damina ba ta ƙara yanke wa Tumbaƙi ba, har yau kuma a can ana waƙar Dagazau mai fansar talakawa. Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan.